Batirin kyamarar farauta: Abin da sanyi da zafi ke yi masa

A farkon watan Nuwamba na kowace shekara ake buɗe lokacin farautar barewa da bindiga a jihar Minnesota ta Amurka, inda dubun dubatar mafarauta kan fita daji tun kafin ketowar alfijir.

Da yawa daga cikinsu ba bindiga kawai suke ɗauka ba. Akwai wata 'yar kyamara da ba ta cika tafin hannu ba, wadda sukan ɗaura a goshi, ko a ƙirji, ko a ƙarƙashin bakin bindiga, domin ta ɗauki bidiyon abin da ya wakana.

Maharbin kan hau wani ɗan dandamali da aka kafa a jikin bishiya, ya zauna shiru sa'a huɗu ko biyar, cikin sanyin da kan daskarar da ruwa. Idan dabbar ta ɓullo kuwa, al'amarin gaba ɗaya ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi.

Kukan da aka fi ji daga masu amfani da irin wannan kyamara shi ne, a daidai wannan lokaci ne sukan tarar batir ya ɗauke, alhali cike yake da caji sa'ad da suka baro gida.

Ba tsautsayi ba ne. Dalilin yana cikin yadda aka ƙera batirin, kuma wanda ya fahimce shi zai gane cewa sanyi aron cajin yake yi ya mayar, amma abin da zafi ya ɗauka ya tafi ke nan.

Ba don maharbi aka ƙera ta ba

Kamfanin da ya fi suna a wannan fage shi ne GoPro, wanda Ba'amurke Nick Woodman ya kafa a shekarar 2002. Shi mai sha'awar wasan sululu ne a kan igiyar ruwan teku, kuma kyamararsa ta farko, wadda ta shiga kasuwa a 2004, ta fim ce da ake ɗaurawa a wuyan hannu.

Wannan asali yana da tasiri har yau. An tsara kyamarar ne domin mutumin da ke gudu a kan keke ko babur, wanda zai ɗauki bidiyo na 'yan mintoci iska na kaɗa shi. Maharbi kuwa akasin haka yake: ba ya motsi, jiransa mai tsawo ne, kuma bai san lokacin da zai buƙaci kyamarar ba.

Wannan giɓi ne ya sa wasu kamfanonin Amurka, irin su Tactacam da ShotKam, suka fito da kyamarori na musamman domin mafarauta. Ta ShotKam, alal misali, takan yi likimo a ƙarƙashin bakin bindiga, sai ta ji girgizar harbi sannan ta adana bidiyon 'yan daƙiƙoƙin da suka gabaci harbin da waɗanda suka biyo bayansa.

Sai dai duk dabarar da aka yi, batirin ƙarami ne. Ana auna yawan cajin da batir ke iya riƙewa da ma'aunin mAh. Kyamarorin GoPro daga HERO5 zuwa HERO8 suna da batir mai mAh 1,220. An ƙara shi zuwa 1,720 a HERO9 ta shekarar 2020, sannan zuwa 1,900 a HERO13 ta 2024. Wayar salula mai batir na mAh 5,000, irin wadda ta cika kasuwa, ta kusa ninka hakan sau uku.

Da irin wannan batir, abin da mutum zai sa rai shi ne sa'a ɗaya zuwa biyu na ɗaukar bidiyo ba tsayawa, gwargwadon yadda ya saita kyamarar, kuma a yanayi madaidaici.

Abin da ke cikin batirin

Batirin na litiyam ne mai sake caji, irin wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991. Masanan da suka aza harsashinsa, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2019.

A cikinsa akwai ɓangarori biyu da wani siririn shamaki ya raba. Ɗaya na girafayit ne, wato sinadarin da ake bakin fensir da shi. Ɗayan kuma gauraye ne na litiyam da wasu ƙarafa, musamman kobal, wanda fiye da rabin abin da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa.

Tsakanin ɓangarorin biyu akwai ruwan sinadari. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyam kan ratsa wannan ruwa su shige cikin girafayit su zauna. Idan kyamara na aiki sai su komo, kuma wannan komowar ce ke ba da wutar.

Saboda haka lafiyar batir ta rataya ne a kan sauƙin wannan zirga-zirga. Duk abin da ya rage mata sauri, ko ya tsare wasu ƙwayoyin a hanya, zai bayyana a tsawon lokacin da kyamara za ta yi tana aiki.

Sanyi

Wanda ya taɓa ganin yadda man ja ke yin kauri a kwalba lokacin hunturu ya ga kwatankwacin abin da ke faruwa. Idan sanyi ya yi yawa ruwan sinadarin kan yi nauyi, ƙwayoyin litiyam su riƙa tafiya da ƙyar.

Kyamara ba ta leƙa cikin batir ta ƙirga abin da ya rage. Ƙarfin wutar da ke fitowa take aunawa. Batir cikakke yana ba da bolt 4.2 ko sama da haka kaɗan, kuma idan ƙarfin ya sauka zuwa wajen bolt 3 sai kyamarar ta kashe kanta domin kare shi.

A cikin sanyi, da zarar an danna maɓallin ɗauka kyamarar ta nemi wuta mai yawa lokaci guda, batirin ba ya iya bayarwa da saurin da ake bukata. Ƙarfin sai ya faɗi ƙasa da iyaka, kyamarar ta ɗauka caji ya ƙare. Shi ya sa mutum zai ga alamar caji tana nuna kashi 60 cikin 100, bayan minti ɗaya kuma komai ya ɗauke.

A wajen digiri 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyas, batirin litiyam na yau da kullum ba ya ba da abin da ya wuce kimanin rabin ƙarfinsa.

Amma cajin bai je ko'ina ba. Idan aka cire batirin aka sa shi a aljihun ciki, inda ɗumin jiki zai same shi, bayan ɗan lokaci sai ya farfaɗo ya ci gaba da aiki. Don haka gogaggun mafarautan ƙasashen sanyi ba sa barin batir a cikin kyamara tun daga gida. Sukan riƙe biyu ko uku a jikinsu, suna musanya wanda ya yi sanyi da mai ɗumi. Wasu kan haɗa da 'yar jakar nan ta sinadari mai ɗumama hannu, ko da yake ba a so ta manne da batirin kai tsaye.

Kamfanonin ma sun yi nasu ƙoƙarin. A ƙarshen 2021 GoPro ya fito da batirin Enduro, wanda yawan cajinsa daidai yake da na wanda ya gada, amma an gyara haɗin sinadaransa, kuma kamfanin ya ce yana aiki har a digiri 10 ƙasa da sifiri. Kamfanin DJI na China kuma ya ce kyamararsa Osmo Action 4, ta shekarar 2023, tana jure digiri 20 ƙasa da sifiri. Waɗannan alƙaluman masu kaya ne, kuma da sababbin batura aka same su. Batirin da ya shekara biyu yana aiki ba zai kai nan ba.

Kuskuren da ba ya gyaruwa

Akwai wuri ɗaya da sanyi ke yin ɓarna ta dindindin, shi ne wajen caji.

Idan aka jona batir a caja alhali sanyinsa ya kai na daskarewar ruwa, ƙwayoyin litiyam kan iso bakin girafayit da saurin da ya fi wanda zai iya karɓar su. Maimakon su shige ciki, sai su taru a samansa su zama ƙarfe. Yawancin litiyam ɗin da ya zama haka ya fita daga aiki ke nan, kuma ƙarfin batirin ya ragu har abada.

Abin da ya fi haka haɗari shi ne wannan ƙarfe kan yi tsiro kamar ƙaya. Idan ƙayar ta huda shamakin da ke tsakanin ɓangarorin biyu, wuta na iya haɗuwa a ciki, batirin ya yi zafi, wani lokaci ma ya kama da wuta.

Maharbin da ya dawo masauki da daddare, ya ciro batura masu sanyin ƙanƙara daga jaka ya zuba su a caja nan take, shi ne ya fi faɗawa wannan tarko. Ka'idar ita ce a bar su su ɗauki ɗumin ɗaki tukuna, kamar sa'a guda. Ita ma kyamarar gara a shigo da ita a cikin leda a ɗaure, domin raɓar da za ta taru ta tsaya a jikin ledar, kada ta shiga cikin na'urar.

Zafi

Ga mai karatu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, duk wannan labarin wata ƙasa ne. Sanyin hunturu, ko da na Jos ne, bai cika kai wa inda zai dami batirin litiyam ba. Abin da ya shafe shi shi ne zafi, kuma shi ne ya fi muni, domin ba ya nuna kansa da wuri.

Hasali ma batir mai ɗumi ya fi ba da wuta cikin sauƙi. Ɓarnar a ɓoye take. A saman girafayit akwai wani ɓawo siriri da ke samuwa tun daga cajin farko, wanda ke ƙara kauri a hankali duk tsawon rayuwar batirin, yana cinye litiyam yana toshe hanya. Wannan shi ne tsufan batir, kuma zafi yana gaggauta shi.

Masana sinadarai suna da wata ka'ida ta kintace, mai tushe a aikin Svante Arrhenius ɗan ƙasar Suwidin, cewa ƙarin digiri 10 na zafi kan kusan ninka saurin irin wannan sauyi.

Alƙaluman da kamfanin Cadex na Kanada, mai ƙera na'urorin gwajin batir, ya wallafa sun nuna girman abin. Batirin da aka ajiye shekara guda cike da caji a digiri 25 kan riƙe kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa. A digiri 40 kuwa kimanin kashi 65 ne ke saura. Amma idan da cajin kashi 40 aka ajiye shi, sai ya riƙe kusan kashi 96 a digiri 25, da kashi 85 a digiri 40.

Wato zafi da cikakken caji idan suka haɗu ne suka fi yin ɓarna. Mutumin da ya cika baturansa ya jefa su a akwatin gaban mota, ya bar ta a rana, ya haɗa duka biyun, domin zafin cikin rufaffiyar mota na iya haura digiri 60.

Littafin jagorar sababbin kyamarorin GoPro ya nuna an tsara su ne su yi aiki tsakanin digiri 10 ƙasa da sifiri zuwa digiri 35. A yankin Sahel kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, zafin rana kan wuce digiri 40, kuma da rani ne aka saba fita farauta a ƙasar Hausa. Ke nan da tsakar rana kyamarar ta riga ta fita daga iyakar da aka ɗiba mata tun ba a kunna ta ba.

Ita kanta kyamarar tana haifar da nata zafin, kuma ba ta da fanka. Iskar da ke kaɗa ta idan ana gudu ce ke sanyaya ta. Idan aka kafe ta wuri ɗaya tana ɗaukar bidiyo mai nauyi, takan yi zafi har ta kashe kanta, ko da batirin na da sauran caji. Ƙorafin ya yi yawa a kan HERO10 bayan fitowarta a 2021, har kamfanin ya sabunta manhajarta ya ƙara tsari na musamman domin ɗaukar da ake yi a tsaye ba motsi.

Maganin ba shi da tsada: inuwa, da rage nauyin bidiyon, da ƙin rufe kyamarar a cikin kwanso idan ba ruwa ake tsoro ba. Kuma kamar yadda ba a caji cikin tsananin sanyi, haka ba a jona batirin da aka ciro da zafi sai ya huce.

Ina cajin ke tafiya?

Babban mai cin wuta shi ne ingancin bidiyon. Hoton 4K yana da ɗigo sama da miliyan 8, wato ninki huɗu na hoton 1080p. Idan kuma aka ce a ɗauki hoto 60 a kowace daƙiƙa maimakon 30, aikin ya sake ninkawa. Ga bidiyon da a ƙarshe a waya za a kalle shi, da wuya ido ya ga bambancin da zai biya asarar cajin.

Sai dai maharbin tsuntsu yana da hujjar ɗaukar hoto da yawa a daƙiƙa, domin idan ya rage gudun bidiyon ne zai ga inda ya yi kuskuren saiti. Shi gara ya rage girman hoton ya bar saurin.

Bayan wannan akwai ƙananan ɓarayi: allon kyamara, musamman masu allo gaba da baya, da Wi-Fi da ke haɗa ta da waya, da tsarin hana girgiza, da sauraren umarnin murya, da na'urar GPS. Har GoPro ya cire GPS ɗungurungum daga HERO12 a 2023, kafin ya maido da ita a samfurin da ya biyo baya. Ƙarar maɓalli da jar fitilar da ke ƙyaftawa ba sa cin wuta sosai, amma maharbi yana da wani dalilin na kashe su, tunda dabba na ji tana kuma gani.

Tambayar da ta fi wuya ita ce yadda za a yi da dogon jira. Akwai hanya biyu, kowacce da farashinta.

Ta farko ita ce tsarin da GoPro ke kira HindSight, wanda ya zo da HERO9. Kyamarar kan riƙa ɗauka a ɓoye tana zubarwa, idan aka danna maɓalli sai ta adana har daƙiƙa 30 da suka wuce. Da shi mutum ba zai rasa lokacin ɓullowar dabba ba, amma kyamarar a kunne take tana cin wuta duk tsawon jiran.

Ta biyu ita ce a bar ta a kashe, a dogara da tsarin QuikCapture, inda danna maɓalli sau ɗaya ke kunna ta ta kuma fara ɗauka. Batir zai kai yamma, amma akwai jinkirin 'yan daƙiƙoƙi, kuma hannu sai ya motsa a lokacin da ba a son motsi. Ga wanda zai wuni a kwanton ɓauna, ta biyun ce ta fi dacewa.

Wasu kan warware matsalar da fawa-banki, su sa shi a aljihu su ja waya zuwa kyamara. Yana aiki, amma a san cewa mai mAh 10,000 ba zai ba da dukkan adadin ba, domin wajen sauya ƙarfin wutar zuwa bolt 5 lissafin kan sauko zuwa kimanin kashi biyu cikin uku. Wasu fawa-bankin kuma kan kashe kansu idan suka ji ba a jan wuta sosai. Sannan buɗe ƙofar batir domin shigar da waya na nufin ruwa da ƙura sun sami hanya.

Kyamarar da ake girkewa a daji

Akwai 'yar'uwarta da ake ɗaurewa a jikin bishiya a bar ta makonni, tana ɗaukar hoton duk abin da ya gifta. Mafarauta na amfani da ita, ko da yake jihar Arizona ta haramta yin hakan domin farauta tun daga farkon 2022, haka ma masu binciken namun daji.

Wannan galibi da batura ƙirar AA takwas ko goma sha biyu take aiki, kuma lissafinta daban ne. Batirin alkalin na kanti yana da ruwa a haɗinsa, don haka sanyi na karya shi da wuri, kuma idan ya daɗe yakan yi yoyo ya cinye ƙarfen da ke cikin kyamara. Na litiyam wanda ba a sake masa caji, kamar Energizer Ultimate Lithium, an tsara shi ya yi aiki daga digiri 40 ƙasa da sifiri zuwa digiri 60, sai dai yana da tsada. Mai sake caji na nikel kuwa bolt 1.2 yake bayarwa maimakon 1.5, abin da kan sa wasu kyamarori su nuna ya kusa ƙarewa tun yana cike.

Ko wanne aka zaɓa, ba a gauraya sabo da tsoho, ko iri biyu a kyamara ɗaya. Mai raunin ne zai fara ƙarewa, sauran su ci gaba da tura wuta ta cikinsa har ya lalace.

Ajiya da tsufa

Har yanzu akan ji mai shago yana cewa a yi wa sabuwar na'ura cajin sa'a takwas, ko kuma a bari batir ya mutu murus kafin a sake jona shi. Wannan shawara ta zamanin batirin nikel da kadmiyam ce. Batirin litiyam ya fi son a riƙa ƙara masa kaɗan kaɗan, kuma barin sa ya ƙare sarai yana rage masa kwana.

Idan lokacin farauta ya wuce, a cire batirin daga kyamara, domin ko a kashe take tana tsotsar wuta kaɗan. A ajiye shi da cajin wajen rabi, a wuri mai sanyi marar danshi, a kuma duba shi duk bayan wata uku zuwa shida. Batirin da aka manta da shi ba caji tsawon watanni na iya faɗuwa ƙasa da inda caja za ta yarda ta tashe shi.

Ko da an kula da shi yadda ya kamata, bayan cikakken caji 300 zuwa 500 ƙarfinsa kan sauko zuwa wajen kashi 80 cikin 100. Hanya mafi sauƙi ta sanin halin da kowanne ke ciki ita ce a rubuta musu lamba, a cika su, a bar kyamara ta yi ta ɗauka da kowanne har ya ƙare, a rubuta mintocin. Wannan gwaji ne kuma ke tona asirin jabun batura, waɗanda akan buga musu adadin mAh da ya fi abin da ke cikinsu.

Mai tafiya farauta ta jirgin sama ya sani cewa ka'idar sufurin jirage ta ƙasa da ƙasa ba ta yarda a sa batirin litiyam na ko-ta-kwana a cikin kayan da za a zuba a ƙasan jirgi ba. A jakar hannu ake riƙe shi, a rufe bakinsa da salatif ko a sa shi a gidansa, kada ya taɓa makulli ko wani ƙarfe.

Idan kuma batir ya fara kumbura, har ya zama sai an yi kokawa kafin ya shiga ko ya fita daga kyamara, iskar gas ce ta taru a cikinsa saboda lalacewar ruwan sinadarin. Irin wannan ba a sake yi masa caji, ba a huda shi, ba a kuma jefa shi cikin sharar da za a ƙona. A ajiye shi a cikin gwangwani mai yashi, nesa da abin da zai iya kamawa da wuta, har a kai shi inda ake karɓar matattun batura.